Kafaɗar Kawu Mai Aski

Tun kafin ta buɗe ɗakin gwaji ta jiyo muryar Kawu a baranda, yana yi wa wani mai sanda bayanin cewa shi lafiyarsa ƙalau, rakiya kawai ya yo. Ta tsaya da makulli a hannu ta ɗan lumshe ido. Shekararta tara tana aiki a sashen gashin ƙashi na asibitin nan. Ta ga masu karaya, ta ga masu shanyewar ɓarin jiki, ta ga masu kuka tun ba a taɓa su ba, amma ba ta taɓa jin fargabar majinyaci irin ta wannan safiyar ba.

Ƙanin mahaifiyarta ne. Mai aski ne, shekara talatin da biyu yana riƙe da shago guda a bakin titin tasha, kuma shi ya riƙa ɗaukar ta a keke zuwa makaranta tun tana ƙarama. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka bai taɓa kiran ta da komai ba sai Uwata. Hakan kuwa bai hana shi ganin ta yarinya ba, ko da farar riga a jikinta.

Matarsa ce ta taso shi a gaba. Anti mace ce mai jiki da murya, kuma tun kafin su zauna ta fara zuba labari. Wata uku ke nan kafaɗarsa ta dama tana ciwo. An ce sanyi ne, an shafa man zafi har kwalba huɗu. An ce kwanciya ce, an sauya filo. Maƙwabcinsu mai gyaran babur ya ja hannun har sai da Kawu ya yi ƙara. Shekaranjiya kuma injin aski ya suɓuce masa ya faɗo a kan wani malamin makaranta, ya yi masa hanya a tsakiyar kai, dole aka kwashe gashin gaba ɗaya.

"Shi ya motsa," in ji Kawu.

"Barci yake yi," in ji Anti.

Ta ɗauko takarda ta fara tambaya kamar yadda take yi wa kowa. Ya faɗi? Bai faɗi ba. Ya ɗauki kaya mai nauyi? A'a. Hannun yana mutuwa ko yana tsatstsafar kiyashi? Kafin ya buɗe baki Anti ta ce ba ya yi, sai dai da yamma ya dawo yana tallafe gwiwar hannun kamar mai ɗauke da jariri. An taɓa yi masa tiyata ko wani aiki a jiki? Su biyun suka haɗa baki suka ce a'a, Kawu har da ɗaga hannun hagu yana cewa shi tunda aka haife shi wuƙar likita ba ta san jikinsa ba. Ta roƙi Anti da ta bari shi ya riƙa amsawa. Anti ta ce to, ta amsa tambaya uku da suka biyo baya.

Rigima ta farko a kan riga aka yi ta. Ta ce sai ta ga bayansa. Kawu ya ce ba a haifi ranar da zai tuɓe a gaban 'yar yayarsa ba, a kira masa namiji. Namiji ɗaya ne a sashen, shi kuma yana hutu sai bayan mako biyu. Kawu ya ce to a duba shi ta saman riga, ai kafaɗa ba ɓoyayyen abu ba ce. Ta yi masa bayani a hankali, ta sake yi da ɗan zafi, a ƙarshe dai aka shirya a kan rigar asibiti mai buɗaɗɗen baya. Ya shiga bayan labule yana mita, ya fito da ɗan tawul ɗinsa na aiki rataye a wuya. Wannan kam, ya ce, ko gaban alƙali da shi zai je. Ta ƙyale shi don kada rana ta ƙare a kan tawul.

Tana zagayawa bayansa fushinta ya ɗan lafa, don abin da ta gani ba na wasa ba ne. Kafaɗar dama ta sauka ƙasa da ta hagu da kusan yatsa biyu. Tudun naman da ke tsakanin wuya da kafaɗa ya zabge a wannan ɓarin, ya bar kwari. Allon kafaɗar kuma ya zame gefe, ya yi nisa da ƙashin baya.

Ta faɗa masa abin da za ta gwada, domin ta san Kawu ba ya yin abu sai ya ji dalili. Akwai wata faffaɗar tsoka, ta ce, da ta taso daga ƙeya, ta bazu kan kafaɗa, ta gangara har tsakiyar baya. Ta sama ita ke ɗaga kafaɗa. Ta tsakiya ita ke janyo allon kafaɗa zuwa ƙashin baya. Ta ƙasa ita ke riƙe shi ta juya shi idan mutum zai miƙa hannu sama. Duk wanda ke wuni da hannu a sama kamar mai aski, da ita yake cin abinci. Za ta gwada ƙarfin kowane sashe ta ba shi maki, daga sifiri zuwa biyar.

Nan ta yi kuskure, ta kuma gane tun kalmar ba ta gama fita ba. Da jin maki sai Kawu ya gyara zama, ya buɗe ƙirji. Daga wannan lokacin ya daina zama majinyaci, ya koma ɗan jarrabawa.

Ta ce ya ɗaga kafaɗunsa biyu zuwa kunne. Ya ɗaga ta hagu, ya karkato da kai ya sadu da ta dama a hanya. Ta ce kai ya tsaya a miƙe. Ya sake, wannan karon ya dafa cinya da tafin hannu yana tura kansa sama. Ta cire hannun daga cinyar. A karo na uku ya riƙe numfashi, jijiyoyin goshinsa suka tashi, ya karkace ƙugu har kujerar ta yi ƙara.

"Kawu, ba kokawa muke yi ba. So nake in ga abin da ba ka iyawa."

"To me zai sa in nuna miki abin da ba na iyawa?"

"Don shi ya kawo ka."

"Ita ta kawo ni," ya ce yana nuna Anti da haɓa.

Ta ja numfashi, ta sa Anti ta riƙe masa kai da hannu biyu, aikin da Anti ta karɓa da murna. Ta ɗora tafukanta a kan kafaɗunsa ta ce ya ɗaga, ita kuma ta danna ƙasa. Ta hagu ta tokare kamar dutse. Ta dama ta ɗan yi yunƙuri, sannan ta bi hannunta ƙasa ba gardama. Ta sake gwadawa, yatsunta a kan kwarin nan tana laluben motsi. Abin da ta ji kaɗan ne ƙwarai, ɗan ƙarfin da ke akwai ma daga wata tsokar ce ta can ciki da ke ƙoƙarin rufa wa 'yar'uwarta asiri.

Kawu ya ce ba ta ba shi lokacin shiri ba ne.

Ta ce ya ɗaga hannun ta gefe, a miƙe, har sama. Hannun ya tashi zuwa daidai kafaɗa ya tsaya yana rawa, allon kafaɗar ya ɓullo a bayansa. Ya lanƙwasa jiki hagu don ya ƙara tsawo, ta miƙe shi. Ya wurga hannun da ƙarfi don ya wuce wurin, ta ce a hankali. Ya ce fankar ɗakin ce ke kaɗa masa sanyi. Ta kashe fanka. Ya ce zafi ya yi yawa.

Sai aka zo kwanciya rub da ciki a kan gadon gwaji, wanda ya ci minti goma na jayayya shi kaɗai. Ta miƙar da hannunsa gefe, babban yatsa yana kallon sama, ta ce ya ɗaga shi daga gadon. Ya ɗaga ƙafa. Ta ce hannu. Ya ɗaga ƙirji gaba ɗaya da hannun a manne. Ta danne bayansa da hannu ɗaya, sai ga hannun kwance bai ko motsa ba. Ta mayar da shi can sama ta gefen kunne don ta gwada sashen ƙasa, nan ma shiru. Da ta gwada na hagu kuwa ya ɗaga shi har sai da ta jingina da duk nauyinta kafin ya sauka, ya juyo da fuska daga cikin katifa yana tambaya ko wannan biyar ne.

"Biyar ne."

"To a haɗa a raba biyu."

Ba ta yi dariya ba, ko da yake Anti ta yi. Ta koma tebur ta rubuta abin da ta samu: sama biyu, tsakiya ɗaya, ƙasa ɗaya. Ta daɗe tana kallon lambobin. Sanyi ba ya cinye tsoka ɗaya ya bar maƙwabtanta. Kwanciya ba ta yin haka, gajiyar aiki ma ba ta yi. Tsoka ba ta zabgewa gaba ɗayanta cikin wata uku sai idan jijiyar da ke kai mata saƙo ce ta samu matsala. Jijiyar nan kuwa tsoka biyu take yi wa aiki: ta fara bi ta kan wadda ke juya wuya, sannan ta ratsa gefen wuya dab da fata ta isa ta kafaɗa.

Ta zaunar da shi, ta sa tafin hannu a kumatunsa na hagu ta ce ya juya fuska ya ture ta. Ya ture ta har ta ja da baya, igiyar naman wuyansa ta dama ta miƙe ɓaro-ɓaro. Wannan lafiya lau take. Ke nan abin da ya faru a tsakani ya faru, a gefen wuya, daidai inda tawul yake kwance tun safe.

"Kawu, cire tawul ɗin."

Ya ce ai wuya ba ya ciwo. Ta miƙa hannu ta zare shi da kanta, abin da ba ta taɓa yi wa majinyaci ba. A ƙasan kunne, can baya kaɗan, ga tabo siriri bai kai tsawon gaɓar yatsa biyu ba, da alamun ɗinki guda huɗu.

Anti ta leƙo ta ce, "Au, wannan ai maruru ne. Tun kafin ciwon kafaɗar aka matse masa shi."

"Anti, maruru ake yi wa ɗinki?"

Anti ta juya ta zuba wa Kawu ido.

Labarin a gutsure-gutsure ya fito, Kawu yana kallon bango. Kaluluwa ce ta fito masa a wurin, ta yi wata biyu ba ta baje ba, ba ta kuma ciwo. Babban wansu, wanda ya rasu shekara shida da suka wuce, da irin wannan kumburin ya fara, daga baya aka ce ciwon daji ne. Kawu ya ga yadda Umma, mahaifiyarta, ta lalace a lokacin, ya ce ba zai sake jefa gidan cikin wannan hali a kan zato ba. Ya je wani ƙaramin asibiti a can ƙarshen gari shi kaɗai, aka kashe wurin da allura, aka cire, aka aika gwaji. Bayan mako biyu aka ce ba komai ba ne. Ya yi hamdala, ya yaga takardar, ya gaya wa Anti maruru ne. Kwana kaɗan bayan aikin kafaɗar ta fara nauyi, amma bai taɓa haɗa su ba, don ina wuya ina kafaɗa.

Tausayi ya taso mata, takaici ya taso ya danne shi.

"Na tambaye ka ko an taɓa yi maka aiki. Da bakinka ka ce a'a."

"Tiyata kika ce. Wannan ko barci ba su sa ni ba. Muna hira da likitan aka gama."

"Na ce ko wani aiki a jiki."

"Ban ji wannan ba."

Ta ajiye biro don kada ta karya shi. Ta gaya masa a fili, ba ta sassauta ba: jijiyar a daidai wurin nan take wucewa, siririya ce kamar zare, kuma tana iya taɓuwa ko a hannun ƙwararre. Idan matsuwa ta yi, za ta iya farfaɗowa da kanta. Idan kuwa yankewa ta yi, sai an ɗinke ta, kuma ɗinkin yana da lokaci, in aka wuce wasu watanni ba ya cika amfani. Shi kuma ya riga ya cinye wata uku yana shafa man zafi yana bari mai gyaran babur na ja masa hannu. Da ya faɗa mata tun makon farko, da yanzu an san inda aka dosa.

Kawu ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa, ko zai sake riƙe almakashi. Ta ce ba ta sani ba tukuna, kuma ba za ta yi masa ƙarya don ya ji daɗi ba. Anti kuwa ta samu bakinta, ta fara yi masa faɗa tun daga ranar da aka ɗaura musu aure. 'Yar yayar tasa ta bar su ta fita baranda ta buga wa likitan jijiya waya, ta roƙe shi ya matsa musu wuri a cikin makon.

Ranar gwajin jijiyar da kanta ta raka shi, don ba ta yarda zai je ba. Aka manna masa wayoyi, aka soka siririyar allura a tsokar, na'ura tana ƙara kamar rediyon da bai kama tasha ba. Nan dai babu dabarar da Kawu zai yi, ya kwanta kamar mutumin kirki. Likitan ya daɗe yana saurare, sannan ya ce saƙo yana wucewa, kaɗan ne amma yana wucewa. Jijiyar ba ta yanke ba. A ba ta lokaci, a yi ta motsa jiki, a dawo bayan mako shida, in ba ta ƙaru ba sai a yi maganar aiki. Ta fita ta jingina da bango. Kawu ya fito bayanta yana cewa ai da ma ya faɗa ba wani abu ba ne.

Sau biyu a mako yake zuwa, Litinin da Alhamis. Ta hana shi ɗaukar abu mai nauyi da hannun, ta hana shi wuni yana aski, ta je shagon da kanta ta sa aka sauke kujerar har ƙasa don kada ya riƙa ɗaga gwiwar hannu. Ya ce masu zuwa aski za su zaci wurin wankin ƙafa ne. Ta ba shi atisaye guda huɗu, kowanne sau goma. Makon farko bai yi ba, ya ce ya manta. Mako na biyu ya yi kowanne sau ɗari, ya zo wuyansa a sandare. Ta zauna ta zana masa a takarda, ta ba Anti kwafi, ta ce in ya wuce goma ta kira ta. Anti ta riƙa kira har in ya yi tara.

Umma ta ji labarin daga ƙarshe, ta yi kukanta, ta yi mako guda ba ta amsa gaisuwarsa, sannan ta fara aiko masa da duk maganin da ta ji an ambata a unguwa. Wannan ma sai da aka yi fama da shi.

A mako na shida na'urar ta nuna ƙari. A wata na uku kwarin kafaɗar ya fara cikowa. A wata na biyar ta sake kwantar da shi rub da ciki, ta danne bayansa, ta ce ya ɗaga. Hannun ya tashi daga gadon shi kaɗai, ya tsaya, ta danna ya ɗan jure kafin ya sauka. Ta rubuta huɗu a sama, huɗu a tsakiya, uku a ƙasa. Ya miƙe tsaye ya ɗaga hannu har ya taɓa saman ƙofa, Anti ta share ido da gefen mayafi tana cewa ƙura ce. Likitan jijiya ya ce ba sai an yi aiki ba. Ta rage masa zuwa ya koma sau ɗaya a wata, ta yi zaton ta huta.

Wata Litinin ta iso da safe ta tarar da bencin baranda cike da maza shida da ba ta sani ba, kowa da sabon aski, kowa riƙe da 'yar takarda. Ta karɓi ta farko. Rubutun Kawu ne, manya-manyan baƙaƙe: hagu biyar, dama uku, a duba shi. Mutumin, wani direban babbar mota, ya ce ai yanzu a shagon ba a tashi daga kujera sai an ɗaga kafaɗa an danna, kuma mai askin ya ce 'yarsa ce babba a nan, ba sai sun yanki kati ba.

Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa ta kira shi. Ta ce masa shekara biyar ta yi tana karatun abin nan, ba a koyon sa a kujerar aski, kuma ya tara mata mutane ga masu layi tun asuba suna jira. Ya saurara har ta gama.

"Uwata, biyar ɗin ki sallame su in kin ga dama. Amma direban nan ki dube shi da kyau. Kai yake karkatarwa."

Ta kashe wayar ba sallama. Ta fita ta tura su duka shidan wurin yankar kati, ta ce kowa ya bi layi kamar kowa. Biyar suka sulale suka tafi. Direban bai tafi ba, sai wajen azahar layi ya zo kansa. Ta zaunar da shi, ta zagaya bayansa, ta ce ya ɗaga kafaɗunsa biyu zuwa kunne. Ya ɗaga ta hagu, kansa ya fara gangarowa dama. Ta yi tsaki a ranta, ta jawo sabuwar takarda, ta ce masa ya fara gaya mata duk abin da aka taɓa yi masa a jiki, har wanda yake ganin bai kai a faɗa ba.